Babi na Shida: Danƙon da ke Cikin Baƙin Mai

Bahaushe ya raɗa wa man inji suna baƙin mai, alhali duk wanda ya taɓa fasa sabon galan ya san ruwan zuma ne garai-garai, har kana hango gindin mazubi ta cikinsa. Da kamannin da yake fitowa da su aka yi masa suna.

Na taɓa kai wata tsohuwar motata juye. Yaron gareji ya shige ƙasa ya kwance noti, mai ya tsiyayo cikin yankakkiyar jarka, baƙi ƙirin. Maigidansa ya tsoma yatsa, ya murza, ya girgiza kai.

"Malam, an cuce ka. Wannan man ko wata biyu bai rufa ba, ka ga yadda ya koma? Bari in kawo maka irin wanda nake zuba wa masu bas. Shi har ranar juye jajir yake fita."

Na ce, "To Oga, dattin da injin yake yi fa? In man ya fito jajir, shi ina ya tafi?"

Ya yi dariya, ya ce in bar wa masu sana'a sana'arsu. Na bar masa. Amma babu injin da ke ƙona fetur ko gas bai yi kunkunniya ba, kuma wani kasonta dole ya sulale ta gefen ringi ya faɗa cikin mai. Daga nan hanya biyu ce: ko ta biyo man ta fita ranar juye, ko ta kwanta a cikin injin ta zama dagwalo. Abin da ke sa ta zaɓi hanyar farko wani sinadari ne da aka gina a kan wani ruwa mai yauƙi, marar launi, wanda masana ke kira foli-aisobutilin, 'yan masana'anta kuma suka taƙaita shi zuwa PIB.

Tushensa iskar gas ce mai suna aisobutilin, 'yar'uwar gas ɗin girki. Kowace ƙwayarta tana da kabon huɗu da haidirojin takwas, kuma ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai wajen digiri 7 ƙasa da sifiri. Ana samunta a matatun mai, wurin da ake fasa mai mai nauyi don a ƙara yawan fetur, da kuma masana'antun da ke fasa nafta don yin leda. In aka sanyaya ta, aka saka mata ɗan sinadarin da zai zuga ta, sai ƙwayoyin su riƙa kama juna ɗaya bayan ɗaya kamar ana shirya carbi. Masu zugar guda biyu ne suka yi suna: haɗin alminiyom da kulorin, da haɗin boron da fulorin. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsawon carbin shi ne komai. A ma'aunin masana, nauyin ƙwayar aisobutilin ɗaya 56 ne. Nau'o'i biyu da aka fi sayarwa don haɗa man inji nauyinsu wajen 1,000 ne da 2,300, wato ƙwaya 18 ke nan a jere, da kuma 41. Carbinka mai 33 ya fi na farkon tsawo, bai kai na biyun ba. A wannan tsawon abin ruwa ne mai nauyi, in ka ɗaga cokali yana biyo shi kamar maɗi. In ƙwayoyin suka kai dubu ko kusa, sai ya zama curi mai taushi kamar cingam, kuma ba kwatance kawai nake yi ba, ana sa shi a cingam ɗin. In suka kai dubun-dubata, roba ce sosai. Sanyi ne ke yanke hukunci: iya tsananinsa iya tsawon sarƙar. Don a sami roba sai an sauka har kusan digiri 100 ƙasa da sifiri, gajeren kuwa sanyin da bai wuce na firji ba ya ishe shi.

Wani masani ɗan Rasha, Aleksandar Butlerov, ya ga wannan gas yana haɗuwa da kansa tun 1873, amma sarƙoƙin da ya samu 'yan gajeru ne ƙwarai. Sai a 1931 Michael Otto da Martin Müller-Cunradi suka yi dogayen a Oppau, kusa da Ludwigshafen a bakin kogin Rhine na Jamus, a masana'antar BASF, wadda a lokacin take ƙarƙashin gamayyar IG Farben. Daga sunan garin aka ciro sunan kasuwa, Oppanol, kuma har yau da shi ake sayarwa. Garin dai ya riga ya yi suna ta mummunar hanya: a ranar 21 ga Satumba 1921 rumbun takin zamani ya tarwatse a wannan masana'anta, mutum fiye da 500 suka mutu.

IG Farben tana da yarjejeniyar musayar ilimi da kamfanin Standard Oil na New Jersey, ta nan abin ya tsallaka Amurka. Amurkawa suka yi abu biyu da shi. Na farko, suka zuba doguwar sarƙar a man inji da sunan Paratone, don kada man ya tsinke ya zama ruwa-ruwa in ya yi zafi. Na biyu, a 1937 William Sparks da Robert Thomas suka cusa ɗan wani sinadari, aisofirin, wajen kashi 2 cikin ɗari, a cikin sarƙar, sai ta karɓi gashi da farar wuta kamar robar itace. Wannan ita ce robar butil. Tun da rassan sarƙar a cunkushe suke, iska ba ta samun kafar bi, shi ya sa ta zama robar tub, kuma irinta ce ake shimfiɗawa a cikin tayar da ba ta da tub. Duk mai facin da ke bakin titi da jikokin Oppau yake wuni.

Doguwar sarƙa ba ta daɗe tana sarauta a man inji ba. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe tsinkewa take yi, man ya koma yadda yake, don haka wasu sinadaran suka karɓe mata wannan aiki. Abin da ya rage mata a gareji shi ne irin ƙaramin gwangwanin nan mai kama da zuma da ake tuttula wa tsohon inji. Wasunsu kaurin irin wannan sarƙa ne kawai. Yana rufe ƙara, yana rage hayaƙi na ɗan lokaci, amma ringin da ya cinye ya cinye. Ƙanin nan gajere, wanda da farko ba a ɗauke shi bakin komai ba, shi ya gaji gidan.

Abin da ya ba ni mamaki da na fara karatu a kansa shi ne darajarsa daga lalaci ta fito. Ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano. Ruwa ba ya shigarsa. Iska ba ta saurin lalata shi yadda take sa man gyaɗa ya yi ɗaci. Ba ya bushewa, ba ya daskarewa. Ka shafa shi a allo ka dawo baɗi, yana nan da danƙonsa. Irin mutumin nan ne da ba ya shiga sabgar kowa. Sai dai wanda ba ya shiga sabgar kowa ba a iya aikensa, kuma masu haɗa sinadarai aike suke so. Sa'arsu ɗaya: kowace sarƙa, komai tsawonta, tana ƙarewa da wuri guda tak da ke iya kama wani abu, kamar ƙugiya a bakin igiya.

A nan ne masu zugar nan biyu suka rabu. In da alminiyom da kulorin aka yi, ƙugiyar takan lanƙwashe ta ɓuya a bayan rassa, galibi wadda ke tsaye a fili ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Don a tilasta mata kama abu, hanyar da aka saba bi ita ce a sa iskar kulorin, wadda kan bar gurbinta a cikin man, abin da hukumomin muhalli, musamman na Turai, suka ƙi jini saboda yadda ake ƙona tsohon mai. In kuwa da boron da fulorin aka yi, cikin kulawa, takwas cikin goma ko fiye suna fitowa da ƙugiyarsu a miƙe, zafi kawai ake buƙata, wajen digiri 200, su kama. BASF ce ta buɗe wannan kasuwa da nau'inta mai suna Glissopal, wanda take yi a Ludwigshafen da Antwerp ta Beljiyam. Daga baya wasu suka biyo, irin su TPC a Houston da Daelim a Koriya ta Kudu. Ka duba fa: ruwa iri ɗaya, nauyi ɗaya, ido ba zai raba su ba, amma matsayin ƙugiya guda ya raba farashinsu.

Me ake rataya wa ƙugiyar? Amsar ta fito ne daga wata matsala da ta addabi Amurka a shekarun 1950. Mutane sun ƙaura zuwa unguwannin bayan gari, mota ta zama ta zuwa kanti da kai yara makaranta. Tafiyar minti goma, a kashe. Injin bai yi zafin da zai kore tururi da ɗanyen fetur daga cikin mai ba, ga sanyin hunturu. Sai ruwa da kunkunniya da guntun fetur su cakuɗe su zama wani baƙin kunu mai kauri da ke toshe rariyar famfon mai. Magungunan wanke inji na lokacin, masu ɗauke da ƙarafa irin su kalsiyom da bariyom, an yi su ne don manyan injinan gas masu aiki da zafi, wannan kunu ya fi ƙarfinsu. Wajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 masu bincike a Lubrizol ta jihar Ohio, cikinsu har da William Le Suer, da takwarorinsu na Chevron a Kalifoniya, suka fito da mafita. A ɗaura wa PIB wani sinadari mai suna malik anhaidirayid a ƙugiyarsa, sannan a ɗora masa kai mai ɗauke da naitirojin.

Abin da ya fito kamar talibambam yake, ga kai ga jela. Kan ba ya son mai, datti yake so: da ya ga ƙwayar kunkunniya sai ya manne mata. Jelar kuwa, wato PIB ɗin, jinin mai ce, a cikinsa take sakewa. Ƙwayar kunkunniya ɗaya ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ita kaɗai ba ta iya cutar da inji. Ɓarnar tana farawa ne in suka dunƙule. To da zarar waɗannan 'yan talibambam sun kewaye kowace ƙwaya, kawuna a ciki, jeloli a waje, in ƙwaya biyu suka matso sai jelolin su tokare juna. Aikin mai rabon faɗa ke nan, ya tsaya a tsakani ba ya barin a haɗu. Dattin yana nan yana yawo a cikin man, bai kwanta ba, har ranar da yaron gareji zai kwance noti. Kuma da yake babu ƙarfe a jikinsa, in ya ƙone ba ya barin toka.

Saboda haka baƙin da Oga ya gani shaidar aiki ce. A injin gas ma, sabon mai kan yi baƙi cikin 'yan kwanaki, ba laifinsa ba ne. Man da ya yi wata uku a tsohuwar bas ya fito jajir shi ne abin tuhuma, don mai yiwuwa tsurar mai ce ba haɗi, ta bar kayan a ciki. Amma kada in yi wa Oga rashin adalci, yatsan nan da ya murza ya fi idonsa gaskiya. Masu rabon faɗan suna da iyaka. In kunkunniya ta fi su yawa sai ta fara dunƙulewa, man ya yi kauri, ka ji shi da tsaki-tsaki. Wanda ke wuni a cunkoson Kano ko Legas, tashi-tsaya, ga ƙura, ya fi mai doguwar tafiya saurin cinye su, ko da kilomitarsa ba ta kai ba.

Wannan kasuwa a hannun 'yan kaɗan take. Kamfanoni huɗu, Lubrizol, Infineum, Chevron Oronite da Afton, su ke haɗa mafi yawan ƙunshin sinadaran da ake zuba wa man inji a duniya, kuma a cikin ƙunshin, mai rabon faɗan nan ne ya fi kowa kaso. Galan ɗin da aka cika a Legas, sunan gida ne a jikinsa, amma ƙunshin da ke ciki ta jirgin ruwa ya zo.

Dabarar kai da jela ta shiga tankin fetur ma. In aka ɗora wa PIB kan naitirojin kai-tsaye, ana samun sinadarin da ke wanke bayan bawul, inda gawayi kan taru ya shanye fetur kamar soso ya sa mota shaƙewa da safe. Ɗigo kaɗan ne a lita. Tun daga farkon 1995 dokar tsabtar iska ta Amurka ta wajabta sa irin wannan mai wanki a duk fetur ɗin da ake sayarwa a ƙasar.

Inda na fi son labarin PIB shi ne inda ake amfani da shi tsirara, ba kai ba komai. Ka ɗauki ƙaramin janareton nan da ake wa kirari da ya fi maƙwabci, ko tsohon babur mai hayaƙi, ko injin yankan katako. Waɗannan ba su da tukunyar mai. A cikin fetur ake zuba man, ya shafi ƙarfe ya wuce ya ƙone tare da shi. Man inji na mota ba a yi shi don ƙonewa ba. Ƙonewar rabi-da-rabi yake yi, ya fita da shuɗin hayaƙi, sinadaran ƙarfen da ke cikinsa su bar toka a kan fulogi, gawayi ya toshe salansa. PIB kuwa in zafi ya kai masa, warwarewa yake yi kamar carbin da zarensa ya tsinke, ya koma guntayen gas ɗin da aka yi shi da su, su kuma su ƙone tas. Shi ya sa da Japan ta fito da ma'aunin JASO na man irin waɗannan injina a 1994, mai matakin FC na ƙarancin hayaƙi, masu haɗa mai suka koma ga PIB suna zuba shi da yawa a madadin mai mai nauyi. Mu kuwa a nan, murfin baƙin mai ake aunawa a tuttula a galan ɗin fetur, wani lokaci ma wanda aka juye daga mota. Sannan a yi ta zagin janareto.

Sai dai a yi hattara da kalmar ƙarancin hayaƙi. Shuɗin da ido ke gani shi ne ya ragu. Iskar da ke kashe iyali a ɗaki cikin dare ba ta da launi ba ta da wari, kuma mai komai kyansa bai hana ta fita ba.

Wannan hali na ƙonewa ba saura shi ya kai PIB masana'antun murza ƙarfe, inda ake son man da zai tashi a tanda ba tare da ya bar tabo a jikin alminiyom ba. Danƙonsa kuma ya buɗe masa wasu ƙofofin. Ledar nan mai miƙewa da ake naɗe katan-katan da ita a kan katako, ko akwati a filin jirgi, ba gam aka shafa mata ba. PIB kaɗan aka cakuɗa a cikin robar, bayan an yi ta sai ya riƙa tsattsafowa sama a hankali, shi ya sa wadda aka yi yau ba ta kai ta jiya kamu ba. Gam ɗin ɓera da ba ya bushewa, danginsa ne. Man leɓe mai ƙyalli da 'yan mata ke shafawa, in ka karanta jikin kwalbar, sau da yawa za ka tarar da shi ko wani ɗan gidansu. Har nakiyar fasa dutse ta zamani, wadda ruwan gishirin taki ne aka daddatsa ƙanana-ƙanana a cikin mai, da irin talibambam ɗin nan ake hana ɗigon haɗewa. Gishirin takin kuwa ɗaya ne daga cikin iri biyu da ke rumbun da ya tashi Oppau.

Abin da ba ya bushewa, ba ya narkewa a ruwa, ba ya ruɓewa da wuri, alheri ne a cikin inji, amma a teku masifa ne. A ƙarshen Janairun 2013 mazauna gaɓar kudancin Ingila suka wayi gari da tsuntsayen teku a kan yashi, jikinsu dumu-dumu da wani farin abu mai danƙo. Mafi yawansu gilimot ne, wani tsuntsu baƙi da fari mai nutso ya kamo kifi. Fukafukan sun manne da jiki, ba tashi ba nutso, gashin da ke tare musu sanyi ya dunƙule. A watan Afrilu abin ya sake dawowa a gaɓar Devon da Cornwall, ya fi na farko muni. Jimillar waɗanda aka tsinta, matattu da masu rai, ta haura 4,000. Gwaji ya nuna PIB ne. Jiragen dakon sinadarai kan wanke tankunansu bayan sun sauke kaya, kuma a lokacin doka ta yarda a zubar da ruwan wankin a teku in an yi nisan mil 12 daga gaɓa, bisa wasu sharuɗɗa. Ƙungiyoyin kare tsuntsaye irin su RSPB suka tayar da ƙura, kafin shekarar ta ƙare hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta amince a mayar da PIB mai kauri cikin rukunin da aka haramta zubarwa: daga 2014 sai a wanke tanki a tashar jirgi, a miƙa ruwan a tudu.

Masu ran an kwashe su zuwa cibiyar ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA da ke West Hatch a Somerset. Ma'aikata suka fara da ruwa da sabulu yadda suka saba yi wa tsuntsun da ɗanyen mai ya ɓata, abin ya ƙi fita. Ruwa ba shi da abin da zai kama a jikin PIB. Mai kaɗai ya sani, kamar yadda jelar nan ba ta sakewa sai a cikin man inji. Sai suka koma ga abin da ke kicin. Suka riƙa shafa wa tsuntsayen botar burodi, irin ta man tsirrai, suna murza ta cikin gashin a hankali, su bar ta ta jiƙa danƙon, sannan su bi da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi.